Zaɓen Ragar Inuwa Don Kayan Lambu: Abin Dubawa Kafin Saye

Farkon sayen ragar inuwa da na yi, na zaɓi mai kaso 80 cikin 100, a tunanina gwargwadon duhun inuwa, gwargwadon jin daɗin shuka. Ashe ba haka ba ne. Tumatirina ya yi ta miƙewa sama, kara siriri kamar tsinke, ganye ya koɗe, fure kuma sai ɗai-ɗai. Haske abincin shuka ne. Aikin raga ta rage zafin rana, ba ta hana shuka cin abincinta ba.

Don haka lambar da ke jikin raga ita ce abin dubawa na farko, domin ita ke faɗin yawan hasken da raga ke tarewa. Masu yin 'ya'ya, irin su tumatir, barkono, tattasai da kokwamba, kaso 30 zuwa 40 ya wadace su. Wannan ɗan ragin kan rage ƙunar rana, farin tabon nan da ke fitowa a gefen tattasan da ke kallon rana, ya kuma taimaki furen tumatir, wanda kan kakkaɓe idan zafi ya kai wajen maki 35 a ma'aunin Salshiyos. Masu ganye kamar latas sun fi son kaso 50, saboda zafi na sa latas ya yi tsiri da wuri, ya yi ɗaci. Wurin renon iri ma 50 ɗin ne, amma a riƙa fito da dashen rana kaɗan-kaɗan kafin a kai shi fili, kada ya yi yaushi. Daga 70 zuwa 90 kuwa na furannin ado masu son duhu ne, da rumfar dabbobi ko ta mota. In ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin biyu, ɗauki mai ƙaramar lamba. Ana iya ninka raga in zafi ya tsananta (mai 50 biyu kan tare kusan kaso 75), amma wadda ta yi duhu ba yadda za ka yi da ita.

Saƙar iri biyu ce. Akwai mai zaren tsaye da na kwance, kamar yadi. Tana da nauyi, amma da ka sa mata almakashi sai bakinta ya fara warwarewa. Akwai kuma mai sarƙaƙƙen zare irin saƙar hular sanyi, da robar da ake kira HDPE. Ita na fi so: ba nauyi, iska na ratsa ta, kuma ko ta huje ramin ba ya gudu.

Abin da ido ba ya gani shi ne maganin da ake haɗawa cikin robar don kare ta daga hasken UV, wato ɓangaren hasken rana mai lalata roba. Ragar da ba ta da shi, cikin shekara guda ko biyu za ka taɓa ta ta marmashe a hannunka, gutsattsarin roba su cika maka ƙasa. Mai maganin kuwa tana yin shekaru. Ka nemi shaidar haka a rubuce a jikin kunshin, tare da nauyinta, wato gram nawa ne a murabba'in mita. Raga biyu na iya zama masu kaso 50 dukansu, amma ɗaya ta fi ɗaya kaurin zare. Ka kama gefenta da hannu biyu ka ja. In ramukan suka buɗe suka ƙi komawa, ajiye ta.

Launi, wanda mutane suka fi tsayawa a kai, shi ne na ƙarshe a wurina. Baƙa ta fi jure rana, sai dai tana shan zafi, don haka a ɗaga ta nesa da kan shuka. Farar raga da mai ruwan azurfa suna mayar da hasken sama, su kuma warwatsa wanda ya shigo har ya kai ga ganyen ƙasa. Inda zafi ya yi yawa sun fi dacewa. Koriya kyan gani ne kawai ya sa ake rububinta.

Kada a ruɗe ka da cewa ragar inuwa na tare ƙwari. Tana iya korar tsuntsaye, ta rage ƙarfin ƙanƙara da iska, amma farin ƙuda yana wucewa ta ramukanta salin alin. Wannan aikin wata raga ce daban mai ƙananan ido. In kuma ka rufe lambun ruf har ƙasa, danshi zai taru, cutar ganye ta samu wurin zama, ƙudan zuma kuma su kasa kaiwa ga furen kokwamba. Ka bar gefuna a buɗe, tsayin rumfar ya kai mita 2 ko fiye. Wajen awo ka ƙara ɗan rara domin ɗauri, ka haɗa da maƙalai na roba, saboda waya tsirara tana cin raga duk lokacin da iska ta kaɗa.