Singafo, Kuala Lumpur ko Bankok: Abin da Ɗalibi Zai Auna Kafin Ya Biya Kuɗin Tafiyar Karatu

Ɗalibin da ya samu damar fita ƙasar waje domin ziyarar karatu yakan fara da tambayar wane birni ne ya fi kyau, alhali abin da ya kamata ya fara tantancewa shi ne irin shirin da zai shiga. Akwai gajeriyar tafiya ta 'yan makonni wadda malamin sashe ke jagoranta, kuma makinta na jami'ar ɗalibin ne tun daga tushe, don haka babu fargabar a ƙi lissafa shi. Akwai kuma musayar ɗalibai ta zango guda tsakanin jami'o'in da suka ƙulla yarjejeniya, inda galibi ɗalibi ke ci gaba da biyan kuɗin makaranta ga jami'arsa, ba ga mai masaukinsa ba, abin da kan sa zama a jami'a mai tsada ya yiwu ga mai ƙaramin ƙarfi, sai dai guraben kaɗan ne kuma ana duba sakamakon jarrabawa. Shirin da kamfanoni masu zaman kansu ke tallatawa shi ne mafi sauƙin shiga, shi ne kuma ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin kada ɗalibi ya biya ko sisi sai shugaban sashensa ya rubuta masa cewa za a karɓi makin idan ya dawo.

Idan an gama da wannan, sai a zaɓi birni bisa fannin da ake karantawa. Singafo ta dace da mai nazarin tsara birane, injiniya ko sarrafa ruwa, saboda ƙasar kanta aji ce. Kusan kashi 80 cikin 100 na mazaunanta suna zaune ne a gidajen da hukumar gidaje ta gwamnati ta gina, ƙasar tana tace ruwan da aka yi amfani da shi ta mayar da shi cikin tsarin ruwanta, kuma madatsar Marina da aka buɗe a 2008 ta mayar da bakin teku tafkin ruwa mai daɗi a tsakiyar gari. Jami'ar Ƙasa ta Singafo, wadda tushenta ya faro daga 1905, da Jami'ar Fasaha ta Nanyang duk da Turanci suke koyarwa, kuma Turancin yana aiki a ofis da jirgin ƙasa da kasuwa. Matsalar ita ce kuɗin masauki. Ɗalibin da bai samu ɗaki a cikin jami'a ba zai ga haya ta cinye mafi yawan guzirinsa, shi ya sa a ganina Singafo ta fi dacewa da gajeriyar tafiya, ko musayar da aka tabbatar da masaukinta a rubuce.

Kuala Lumpur tana ba da kusan irin wannan yanayin a kan kuɗin da bai kai haka ba. Jami'ar Malaya tana cikin birnin, Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da aka kafa a 1983 tana Gombak a gefensa, kuma ga mai karanta harkar banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci da wuya a samu wurin da ya fi nan, tunda Malesiya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da sukuk, wato takardun zuba jari da suka dace da shari'ar Musulunci. Mai karanta injiniya ma yana da abin dubawa a ramin SMART mai tsawon kilomita 9.7, wanda aka buɗe a 2007 domin ya zama hanyar mota a ranakun yau da kullum, ya kuma kwashe ruwa idan ambaliya ta taso. Takardun bizar ɗalibai suna bi ne ta EMGS, hukumar da ke kula da shigowar ɗaliban waje Malesiya, kuma aikin yana cin lokaci, saboda haka mai nufin zango guda ya fara da wuri.

Bankok kuwa ita ce zaɓin ɗalibin likitanci ko kiwon lafiyar al'umma, domin Jami'ar Mahidol tana da tsangaya guda ta cututtukan ƙasashe masu zafi tun 1960, ga kuma Jami'ar Chulalongkorn da aka kafa a 1917. Rayuwa tana da rangwame, amma a wajen aji harshen Tailan ne ke aiki, kuma rubutunsa daban ne, lamarin da kan wahalar da wanda bincikensa ya ƙunshi hira da mutane idan shirin bai tanadi tafinta ba.

Lokacin tafiya abu ne da masu talla ba su cika ambata ba. Singafo da Kuala Lumpur suna daf da layin ikwaita, zafinsu yana tsakanin digiri 24 zuwa 33 duk shekara, tare da laima mai sa zufa da ruwan sama mai saukowa da yamma ba tare da sanarwa ba. A wasu shekarun, kamar 2015 da 2019, hayaƙin gobarar daji daga Indonesiya ya turnuƙe yankin a wajen watan Satumba, wanda mai ciwon asma bai kamata ya yi wasa da shi ba. Bankok tana da lokuta mabambanta: Afrilu ne ƙololuwar zafi, damina tana kaiwa Oktoba, sannan daga Nuwamba zuwa Fabrairu ana samun sassauci, ko da yake a watannin nan ne iskar birnin ta fi gurɓata.

Ta fuskar lafiya, zazzaɓin denge yana cikin biranen uku, kuma sauron da ke yaɗa shi da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da man korar sauro. Ƙasashen uku suna neman katin rigakafin zazzaɓin shawara daga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar.

Wajen kwatanta farashin shirye-shirye biyu, adadin da ke saman takardar talla ba shi ne abin dubawa ba. A nemi a ga ko ya haɗa da tikitin jirgi, kuɗin biza, inshorar da ta ƙunshi kwanciya a asibiti da mayar da maras lafiya gida, da zirga-zirga zuwa wuraren bincike. A kuma karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan an hana ɗalibi biza, domin wasu shirye-shiryen suna riƙe kuɗin ajiyar gurbi gaba ɗaya ko da laifin ba nasa ba ne.