Makarantar yarana a Agege: yadda suka riƙe mu lokacin kullen korona

Wata 'yar uwa da suka tare a Agege kwanan nan ta tambaye ni wai ya makarantar su yarana take, ta kai nata ko ta nemi wata. Na ce mata ni fa ba fentin gini nake dubawa ba, tun 2020 na gama sanin halinsu. Ba zan kama suna ba, ƙaramar makarantar kuɗi ce mai boko da safe islamiyya da yamma, 'yan unguwa sun gane wadda nake nufi.

Ranar 23 ga Maris gwamnatin Legas ta rufe makarantu, bayan mako ɗaya Buhari ya sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja, mu a zatonmu sati biyu ne a koma, ashe 'yan firamare sai wajen 21 ga Satumba za su sake ganin aji. Wata shida kenan yara uku a ɗaki da falo, ga zafi ga ɗauke wuta, ga daren da maza suka dinga kwana a bakin layi suna ƙona taya saboda tsoron gungun 'yan fashin nan da ake kira One Million Boys.

Farkon abin gaskiya sun yi shirme. Shugaban makarantar ya ga manyan makarantun Ikeja da Lekki suna darasi ta bidiyo a manhajar Zoom shi ma ya ce sai Zoom, ƙarfe tara na safe kowa ya hau. To da wace wayar? Babbar waya ɗaya ce a gidanmu, kuma babansu a mayankar Oko-Oba yake, masu harkar abinci ba a hana su fita ba, da asuba yake ficewa da ita. Ranar da ya bar mana ita muka gwada, Zoom ɗin kyauta minti 40 ne yake yankewa, rabi ya tafi a "kuna ji na?" da kukan ƙannen wasu da ƙarar janareta, data kuma ta tafi kamar an zuba ruwa a rariya. Yara tara na ƙirga a ajin da ya haura talatin. Sati biyu aka watsar.

Wadda ta gyara lamarin malamar 'yan aji uku ce, Allah ya saka mata. Ta buɗe guruf biyu a WhatsApp, ɗaya ta kulle shi ita kaɗai ke turawa, ɗayan na surutun iyaye, don kafin nan darasi nutsewa yake a ƙarƙashin barka da Juma'a da maganin korona na tafarnuwa da lemon tsami. Kullum bayan isha'i, lokacin da iyaye maza sun dawo da wayoyi, sai ta ɗauki hoton allon da ta jingina a bangon ɗakinta ta turo, da saƙon murya na minti uku ko huɗu, ta yi da Turanci ta maimaita da Hausa, iyaye Yarbawa kuma wani malamin ya juya musu. Ba sai netwok ya yi kyau ba, ko tsakar dare ya sauka da safe ka ji abinka.

Abin da ya fi taɓa ni kiran suna. A ƙarshen saƙon sai ta ce wane na ga aikinka, wance rubutunki ya gyaru amma lamba bakwai ɗinki har yanzu tana kallon baya. 'Yata ta tsakiya da ba ta son lissafi sai ga ta tsugune gaban soket tana jiran waya ta ɗan yi caji, ta ji an kira ta ta ce Umma a maimaita, sai mun ji sau biyar. Ranar da ba a kira ta ba kuwa har tuwo ta ƙi ci.

Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu malamin islamiyya ya shigo shi ma, yaro ya karanta hadda a tura, ya saurara ya gyara masa madda da gunna. Nan iyaye muka fara sanin juna, ni shekara uku muna kai yara ƙofa ɗaya da wata mata ban san a bayan layinmu take ba sai da ta ce ba ta da babbar waya, 'yarta ta dinga zuwa da takunkuminta tana kwafa a barandarmu. Masu ƙaramar waya malamar kan kira su ranar Asabar da katinta, ta kuma riƙa tuna mana lokacin darasin da gwamnatin jiha ke sawa a rediyo da talabijin.

Inda raina ya ɓaci maganar kuɗi ce. Ofis suka ce a biya rabin kuɗin zango, muka kukuta muka biya duk da kasuwa ta mutu, daga baya muka ji malaman wata biyu ba su ga albashi ba, datar ma daga aljihunsu. Iyaye ne muka yi karo-karo kafin ƙaramar sallah muka tura wa malamar 'yan aji ukun, ta turo saƙo muryarta na rawa tana ta godiya. Sannan 'yan nazire an manta da su kwata-kwata, autana ko waƙar ABC ba a turo masa ba.

Don haka na ce wa 'yar uwar nan ta kai yaranta, malaman na ba su tara cikin goma, ofis kuwa huɗu ma na yi kara. In ta je ta nemi rasit na duk abin da ta biya, kuma ta ce a sa ta a guruf ɗin iyaye, yana nan har yau, jiya ma cigiyar takalmin wani yaro aka yi a ciki, ƙafar hagu.