Miyuteks ko sifinlok: wanne za a sa a direban Linux?

Ɗan'uwa, ka ce kana rubuta direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) a kanel, wato zuciyar tsarin Linux, kana tambayar wanne za ka ɗauka tsakanin makullan nan biyu, miyuteks da sifinlok, tunda duka biyun aikinsu hana ayyuka biyu taɓa bayani guda a lokaci ɗaya. Gaskiya ne. Inda suka rabu shi ne abin da mai jira ke yi in ya tarar an kulle.

Mai jiran sifinlok tsayuwa yake a bakin ƙofa yana ta murɗa mariƙi, furosesa (sashen kwamfuta da ke aiwatar da umarni) na aikin banza har a buɗe. Mai jiran miyuteks kuwa kwantar da shi ake yi, a ba wani aikin furosesar, in an saki makulli a tashe shi. Kwanciya da tashin nan suna cin lokaci, shi ya sa in ɗan abu ne, kamar cire abu guda daga jeri, sifinlok ya fi araha.

Sai dai ba sauri ke raba gardamar ba, wurin da umarninka ke gudana ne. A cikin mai amsa katsewar na'ura (wato umarnin da ke gudana nan take in na'ura ta katse furosesa tana neman kulawa) ba a barci, don haka miyuteks bai taso ba. In kuma mai amsa katsewar da sauran sassan direban suna taɓa bayani ɗaya, to spin_lock_irqsave za ka kira, wanda ke kama sifinlok ya kuma toshe katsewa a furosesar. In ka ƙi, wata rana katsewa za ta faɗo kan furosesar da ke riƙe da makullin, ta tsaya jiran wanda ita ce ta hana shi motsi. Kwamfuta ta sandare ke nan.

Shi ma sifinlok da nasa sharaɗin: muddin yana hannunka, duk abin da ka iya barci ya haramta, irin su copy_to_user (kwafar bayani zuwa manhajar mai amfani) ko kmalloc da GFP_KERNEL (neman gurbi a ma'adanar kwamfuta). Nan miyuteks ne kawai.

Ni dai, in babu katsewa a lamarin, da miyuteks nake farawa. Tun da Ingo Molnar, ɗaya daga cikin masu gina kanel ɗin, ya shigo da shi a Linux 2.6.16 cikin 2006 ake ta gyara shi. Na yanzu ma yakan ɗan tsaya jira bai kwanta ba in ya ga mai riƙe da makullin na gudana a wata furosesa, saboda haka ratar saurin ta ragu sosai.

Ko wanne ka zaɓa, kunna zaɓuɓɓukan kanel ɗin nan biyu, CONFIG_PROVE_LOCKING da CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, lokacin gwaji. Na farkon zai tona maka makullan da ka kama a baibai, na biyun zai yi ƙara in ka yi barci da sifinlok a hannu.