Faris ko Zariya: ina za ka kai littafin?

Malam, ka ce shekara shida kana koyar da darasin ƙwarin amfanin gona a nan Maradi, takardun darasin sun taru, kana so su zama littafi. Tambayarka ita ce gidan buga littattafai na Faransa za ka tunkara ko na Najeriya. Amsar tana wajen wanda kake so ya riƙe littafin a hannunsa.

Mu fara da Faris. Gida irin L'Harmattan, da aka kafa a 1975, ya daɗe yana buga aikin malaman Afirka, kuma da Faransanci ka rubuta darussanka, ba sai ka sake musu riga ba. Za ka samu littafi mai lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, wanda malami a Dakar ko Wagadugu zai iya yin odarsa, kuma ranar da kake haɗa takardun ƙarin girma na CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kana da abin sawa a ciki. Sai dai ka zauna ka yi lissafi. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya motsi. Littafin yuro 25 ya haura jaka 16 tun kafin kuɗin jirgi. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke jiran kuɗin bursu, wato tallafin karatu, ina zai samo su? Mutum ɗaya zai saya, saura su bi layin mai fotokofi. Na ga littafin wani abokin aikina a haka, an ɗaure shi da zoben roba, hotunan sun koma baƙaƙen ɗigo, ba ka bambance tsutsar gero da ƙwaron wake. Ga mai koyar da ƙwari, rabin darasin ke nan ya tafi.

Zariya kuwa kusa take: Dan Isa, Jibiya, Katsina, ka miƙe. Akwai maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kamfanin ɗab'i na Arewa, NNPC, da ke buga littattafan Hausa tun 1966. Kana iya zuwa da ƙafarka ka zauna da edita, abin da imel ba ya yi. Amma kasuwarsu ta Ingilishi ce da Hausa, littafin Faransanci ba shi da mai saye a can. Kuma abin da za su fara tambayarka shi ne wane aji, wace manhaja, ɗalibai nawa, alhali manhajarmu ba tasu ba ce. In da Hausa za ka rubuta, don malaman gona da manoman da suka yi yaƙi da jahilci, to nan Zariya ta yi wa Faris nisa, domin mai karatunka yana tsallaken iyaka ta kowane ɓangare. Balle tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Abu ɗaya: ku daidaita ƙa'idar rubutu tun farko. Mu muna rubuta ƴaƴa, su 'ya'ya, mu muna awo da tiya, su mudu ya fi yawa a bakinsu.

Ko ina ka nufa, kada ka tura tarin takardun yadda suke. Duba sharuɗɗan gidan tukuna, don wasu cikakken rubutu suke so, wasu taƙaitaccen bayani. Ka shirya shafi uku ko huɗu: wa zai karanta, jerin babi, ranar da za ka gama, da abin da littattafan da ake da su suka rasa. Nan ne ƙarfinka. Littafin da aka rubuta a Turai ba zai tsaya a kan buhun adana hatsi na PICS mai ruɓi uku ba, wanda aka gwada da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a nan Maradi, kai kuwa a gabanka ake zuba wake a cikinsa. Ka haɗa da babi ɗaya da ya fi nuna gwanintarka, da hotunansa, ba gabatarwa ba.

In ni ne, na Faransancin zan kai Faris, amma ba zan sa hannu ba sai an rubuta a yarjejeniya cewa haƙƙin fassara zuwa Hausa yana hannuna, kuma an ba ni damar buga mai araha don Nijar. In sun ƙi, sai in fara da na Hausa in kama hanyar Jibiya.