Filolin ado na kankare a kan katanga: aikin ya yi, amma sai da na tsaya a kansu

Masu ta tambaya ta wai yaya aikin filolin nan da aka ɗora min a katanga, to ga yadda abin yake dai. Kyau kam sun yi kyau, duk wanda ya wuce sai ya waiga, amma ba irin aikin da za ka ba da kuɗi ka kama gabanka ka dawo ka tarar an gama lafiya ba ne.

Wajen zubi ba ni da ta cewa. Masu aikin mazubi gare su kala-kala, akwai na roba akwai na faiba akwai na ƙarfe, ni na zaɓi mai tsagi-tsagi a jiki da ɗan hula a sama, kuma zanen ya fito tas ba gutsure a baki. Abin da ya burge ni shi ne ba sa cika ruwa a kwaɓi, wasu don aiki ya yi musu sauƙi sai su tsinka kwaɓin ya zama ruwa-ruwa, ranar da aka cire zai yi santsi gwanin kyau amma ƙarfi babu. Su waɗannan da ƙananan tsakuwa suke haɗawa da yashi mai kaifi, in sun zuba sai yaro ya riƙa bubbuga jikin mazubin da guduma har iska ta fita, shi ya sa ba ka ganin ramukan nan kamar saƙar zuma. Kuma ba su shafa baƙin mai a mazubi ba, wanda shi ne ke barin tabo ya hana fenti kamawa daga baya.

Inda muka fara samun saɓani shi ne ban ruwa. Ana cirewa daga mazubi kawai suka ce a ɗora, wai suna da wani aikin a gaba. Na ce Oga ka yi haƙuri wannan ba zai yiwu ba, kankare ai jiƙa yake so aƙalla kwana 7, kuma sai wajen kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, in rana ta busar da shi da wuri siminti bai gama kamawa ba, shi ne za ka ga yana marmashewa a gefe. Ya ɗan ɓata rai amma dai ya sa aka rufe su da buhuna ana yayyafa ruwa safe da yamma.

Sai kuma ɗorawa, kuma nan ne fa ainihin maganar take. Yaron da ya fara aikin so ya yi ya shafa kwaɓi a kan bulo ya ɗora fila a kai shi ke nan. Haba! Abu mai wannan nauyi a saman katanga, iska ta zo, ko yara su rataya a jiki, ko ƙofar get ta riƙa bugawa, me zai riƙe shi? Dole rodi ya fito daga cikin kankaren katangar ya shige cikin filar sannan a cika tsakiyar da kwaɓi su zama abu ɗaya. Da ogan ya zo shi da kansa ya ce a sauke, aka sa rodi mai milimita 12 a manyan, mai 10 a ƙananan da ke tsakani. Ya kuma kula kada rodin ya matso kusa da fatar kankare, aƙalla inci 1 ya bari, don in ruwa ya kai gare shi tsatsa zai yi ya kumbura ya tsaga filar daga ciki, irin waɗanda kake gani a tsofaffin katangu sun dare ƙarfe a waje ai haka ne ya same su. Wato ya san aikin sarai, matsalar ba ya zama a wurin ne.

Jeri ya miƙe, igiya suka ja suka bi da lebul, guda ɗaya ce ta ɗan karkata kusa da kwana kuma da na nuna suka gyara ba musu.

Fenti ban bari an yi nan take ba, sai da ya sha kusan wata guda, saboda sabon kankare yana fitar da farin gishirin nan da ke ɗaga fenti ya riƙa ɓarewa. Wannan ma ni na ce a jira, su da tuni sun shafa.

Abin da ya ban haushi sosai shi ne alkawari da shara. A ce gobe da safe sai ka gan su bayan azahar, kuma sun bar min busasshen siminti a jikin get da ƙasa sai da aka kankare da ƙyar.

Zan iya sake ba su aiki, amma da sharaɗin ogan yana tsaye ranar ɗorawa, kuma ba zan cika kuɗi ba sai an share wuri. In kuma katangarka ta bulo mai inci 6 ce ba a zuba mata kankare a sama ba, kada ka yarda a ɗora maka manyan nan, a fara zuba mata tukuna. Ni yanzu ma jiran su nake su zo su like ɗan tsagin da ya rage tsakanin fila ta ƙarshe da ginshiƙin get, an ce gobe.