Wata goma ina ba karnukana abincin buhu, ga abinda na gani

Kafin wani ya fara min wa'azi a kan ajiye kare bari na faɗa tun yanzu, na gadi ne. Gidana can bayan Danbare yake inda har yau kangwaye sun fi gidajen da aka tare yawa, kuma ina ɗan kiwon kaji a bayan gida, sau biyu ana haurowa ana kwashe min kaji har da batirin sola, shine na nemo karnuka biyu. Ɗaya Tayga, irin na Jamus ɗin nan da ake ce wa karen 'yan sanda, ɗayar kuma Barsu 'yar gida ce tsaf, gurin wani mafarauci na karɓo ta tana 'yar kwikwiya. Basa shiga cikin gida, kejinsu daban kwanonsu daban, Baba mai gadi ne ke sakinsu bayan isha'i. Toh amma tunda ka ɗaure dabba cinta da shanta sun dawo wuyanka, kowa ya san labarin matar da ta kulle kyanwa ta hana ta abinci.

Da can abinda nake basu shine wanda kowa ke bayarwa, ragowar tuwo, ƙanzo, sai duk sati na leƙa abbatuwa na siyo huhu da tumbi da ƙashi a dafa da tsakin masara a wata tsohuwar tukunya. Wuta ce matsalar. Ka siyo kayan sati guda ka zuba a firiza sai NEPA su ɗauke kwana biyu, ran na uku warin har gidan maƙota, ga gawayi yayi tsada, ga maman yara tace ita fa ba don girkin kare aka kawo ta gidan nan ba, kuma wallahi gaskiyarta. A haka wani abokina da yake da karnuka a Nassarawa yace me zai hana na gwada na buhu na huta.

Kala uku na gwada cikin wata goman nan. Bazan kama sunan kamfani ko shago ba.

Na farko ɗan waje ne, buhu mai kilo 15 a liƙe, na siyo a wani babban kanti. In ka taɓa kiwon tarwaɗa ka san abincin kifin nan mai yawo a saman ruwa, toh kusan haka yake sai dai ƙwayarsa ta fi girma, kuma yadda ake yinsu ma ɗaya ne, a niƙa hatsi da garin nama a kwaɓa, inji ya dafa shi da zafi ya matso shi ta ƙananan huji yana yankawa, a busar, sannan a fesa masa kitse a jiki don ƙamshi ya ja kare. Ku riƙe maganar kitsen nan, zan dawo kanta.

Ranar farko na tafka kuskure, na cika wa Tayga kwano na ɗauke masa tuwo gaba ɗaya, washegari Baba mai gadi ya tare ni a bakin get yace Alhaji wannan abincin naka na Turawa fa zawo yake sa shi. Ashe ba laifin abincin bane, ba a canja wa kare abinci dare ɗaya, sai a hankali ana haɗa sabon da tsohon ana ƙarawa har kamar sati guda. Da cikinsa ya saba kam ba ƙarya naga canji. Cikin wata ɗaya gashinsa ya fara sheƙi, zubar gashin nan da yake yi ta ragu, kashinsa ya zama ɗan kaɗan mai tauri mai sauƙin kwashewa, ƙudajen da suke cika keji saboda ragowar romo suka yi ƙasa sosai. Sai dai shan ruwa kamar raƙumi, don busasshen abincin nan ruwan da ke cikinsa bai wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba, in zaka bayar dole bokitin ruwa ya zama a cike kullum balle a zafin Afrilu.

Ita kuwa Barsu kwana uku tana kallon kwanon tana kallona kamar na zage ta. Ta sansana ta koma gefe ta kwanta. Sai da aka dinga zuba mata ɗan romo a kai sannan take taɓawa, shi ma rabi.

Inda gizo ke saƙar shine kuɗi. Tun da aka saki naira a 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, duk abinda aka shigo da shi daga waje ya bi ta, buhu na uku da naje siya farashin da aka faɗa min sai da na sake tambaya ko buhu biyu yake nufi. Ranar da Hajiyarmu taji kuɗin a bakin yara salati ta dinga yi, tace yanzu kai a wannan marrar da mutane ke neman kwanon masara kake kai wannan kuɗin ga kare? Ban iya ce mata komai ba don nima abin yana min nauyi a rai.

Shine na koma na biyu, wanda ake yi a nan Najeriya. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma abu ɗaya da ya burge ni kwanan watan da ke jikinsa sabo ne, bai yi watanni a teku da tashar jirgin ruwa ta Legas ba kafin ya hau tirela ya iso Kano. A nan ne na koyi karanta bayan buhu maimakon gabansa. Gaba hoton cinyar kaza ne ɓul-ɓul da karas da kare yana dariya, ka juya baya inda aka jera kayan haɗi kaga masara ce ta farko, sai waken suya, sai dusa, naman can ƙasa. A ƙa'ida abinda ya fi nauyi shi ake fara rubutawa, don haka in kaga masara a gaba toh tuwo ka siya da ɗan ƙamshin kaza. Ba wai masara guba bace, kare yana narkar da ita in ta dahu, kawai dai ka san me kake biya. Sannan ka duba furotin, ma'aunin da ƙungiyar AAFCO ta Amurka ta sa wanda kamfanoni da yawa ke bi shine kada ya gaza kashi 18 ga babban kare, kashi 22.5 ga kwikwiyo ko mai ciki da mai shayarwa. Wanda na siya ya haye wannan a rubuce. A aikace kuma Tayga yana cin kusan ninki ɗaya da rabi na abinda yake ci a na farko kafin ya ƙoshi, kashi ma ya ƙaru, kenan arahar ba ta kai yadda nayi lissafi a shago ba. Duk da haka ban ga aibunsa ba, wata huɗu yana ci lafiya ƙalau.

Na ukun ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Cikin Agusta ne, ruwa kusan kullum, aljihu ya yi sanyi, sai na biya wani ɗan shago a cikin kasuwa naga ana auna abincin kare a farar leda kilo-kilo kamar gari. Mai shagon yace Alhaji ai ɗan waje ne irin mai tsadar nan, buhu muke farkewa mu auna wa masu ƙaramin ƙarfi. Ba suna, ba kwanan wata, ba lambar NAFDAC, ba komai a jikin ledar, buhun da yake ɗiba daga ciki kuma a ƙasa yake jingine da bango bakinsa a buɗe. Na ga duk wannan da idona fa, amma farashin ya rufe min ido na ɗauki kilo biyar. Da na buɗe a gida naji wani ɗan wari kamar na tsohon man gyaɗa da ya daɗe a galan, nace ƙila haka wannan kalar take.

Wajen kwana goma Tayga ya fara barin abinci, karen da in yaji ƙarar kwano yake neman ɓalla keji. Sai kwanciya, sai amai, dare yayi ba haushi. Baba ne ya fara lura yace Alhaji zo ka ga idonsa, na ɗaga fatar idon naga farin ya koma ɗorawa, dasashinsa ma haka, sak mai ciwon shawara. Da sassafe muka saka shi a bayan mota sai asibitin dabbobi.

Likitan tambayar farko da yayi min me yake ci, na miƙa masa ragowar ledar, ya sansana ya murza a hannu ya kalle ni yace Alhaji a ina ka samo wannan? Yace hantarsa ce ta taɓu, kuma abinda ya fi zargi guba ce da ake kira aflatoksin, wadda wata irin fumfuna ke haifarwa a jikin masara da gyaɗa in sun sha danshi da ɗumi. Nace Dakta ni fa ban ga fumfuna ba. Yace ba dole ka gani ba, gubar tana zama ko ido bai ga komai ba, dahuwa bata kashe ta, kuma bata da makari, sai dai a tsayar da abincin a tallafi hantar da ƙarin ruwa da magunguna a jira ikon Allah. Abinda yasa ta fi kama kare kuwa abu ɗaya yake ci safe da yamma kullum, gubar tana ta taruwa, ba kamar mu da muke cin wannan mu ci wancan ba. Ya ƙara da cewa warin da naji kitsen da aka fesa ne ya lalace saboda iska da zafi. Barsu da taurin kanta na ƙin cin abin buhu ita ce ta tsira, 'yar kasala kawai tayi ta kwana biyu.

Kwana biyar muna zarya ana masa ƙarin ruwa da allurai, kuɗin da na kashe ya siyi buhun ɗan wajen nan da nake gudu har da canji. Araha bata ado, na yarda.

Bayan ya fara tashi na zauna na bi labarin gubar nan, abin ya bani mamaki don ashe tsohuwar magana ce. A Ingila aka gano ta bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil, mu da garinmu yayi suna da dalar gyaɗa ai ya kamata ace mun fi kowa saninta. Kuma kada wani ya ɗauka sai a kasuwarmu ake samun haka, ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 a Amurka an janye abincin wani kamfani daga kasuwa saboda aflatoksin, hukumarsu ta FDA mai kula da abinci da magunguna ta samu rahoton mutuwar dabbobi sama da 110, kuma buhunan a liƙe suke da suna da lamba. A 2007 ma an yi wanda ya fi wannan, aka zuba sinadarin melamin a cikin wani kayan haɗi na alkama da aka kai daga Chana don awo ya nuna furotin da yawa, ƙodar karnuka da kyanwoyi ta dinga lalacewa, shekarar da ta biyo baya irin wannan sinadarin aka samu a madarar jarirai a Chana, yara 6 suka rasu. Bambancin kawai can in abu ya faru akwai lambar da ke jikin buhu, da ita ake bin sawu a sanar a janye. Ni da farar leda wa zan kama?

Ita FDA ɗin cewa tayi a ajiye busasshen abinci inda zafi bai kai digiri 27 ba. Na karanta nayi dariya ni kaɗai, a Kano da bazara muke haura 40, shagon kwano da rana ai tanda ce. Shi yasa yanzu kafin na kalli sunan kamfani shagon nake fara kallo, ina aka jibge buhunan, a kan katako suke ko a ƙasa, rana na dukansu ko a'a, akwai hujin ɓera ko ƙwari, sannan na duba ranar da aka yi shi da ranar eksfaya da lambar NAFDAC, don su ke da alhakin rajistar abincin dabbobi. Na daina siyan babban buhu, ƙarami nake ɗauka wanda zai ƙare cikin wata guda, na bar shi a cikin buhunsa na naɗe bakin na saka a bokiti mai murfi a ɗakin da ya fi sanyi, kuma ina ɗaukar hoton lambar a waya.

Tsarin da na tsaya a kai yanzu rabi da rabi ne, da safe na buhu ɗan Najeriya, da yamma dafaffen huhu ko kan kifi da tsaki, ni nake dafawa da kaina ranar Asabar da Laraba don a zauna lafiya da maman yara. Shi ma abincin gidan, likita ya ja min kunne a kansa, yace a daina juye musu ragowar miya saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji, kuma masarar da zan niƙa musu kada ta zama ruɓaɓɓiyar da aka tsince aka ware, don wannan ɗabi'ar tamu ta cewa a ba dabbobi wadda ta lalace ita ce dai hanyar gubar.

Na koma shagon da ragowar ledar, ba faɗa naje yi ba. Na faɗa masa abinda ya faru ya jajanta min sosai, ya rantse shi ma haka ya saro buhun kuma wasu sun siya basu dawo da ƙorafi ba, yace in ina so ya canja min da wani. Na leƙa bayansa, buhun nan na nan a inda na barshi jingine da bango, saura kamar kwata.