Simat TV ɗin da muka saya wa Baba: hoto ya yi kyau, amma ba don mai kallon rana aka ƙera shi ba

Duk wanda ke shirin saya wa tsohonsa ko tsohuwarsa irin talabijin ɗin nan mai intanet da ake ce wa simat, don Allah ya ɗan dakata ya karanta wannan tukuna. Mu dai mun saya wa Baba, inci 43, kuma in a kan hoto kaɗai za a yi magana to babu abin cewa, tar yake, fuskar mai karanta labarai har gumin goshinsa kana gani. Jikoki in suka zo da daddare suka kunna ƙwallo ko fim sai yabawa suke. Amma ba su aka saya wa ba ai. Wanda aka saya wa mutum ne da ya yi ritaya, yana gida tun safe har yamma, kuma shi kallonsa na rana ne, to a nan ne na ga cewa waɗanda suka ƙera abin nan sam ba su zauna da tsoho a falo da hantsi ba.

Abin mamakin kuwa shi ne tsofaffin nan su ne manyan kwastomomin talabijin. Ofcom, hukumar da ke sa ido kan kafafen sadarwa a Birtaniya, ta fitar da rahoto a 2022 da ya nuna cewa 'yan shekara 65 zuwa sama suna kallon tashoshin talabijin na awa 5 da minti 50 kullum, su kuma matasa 'yan 16 zuwa 24 minti 53 kacal, kaga kusan ninki bakwai kenan. Amma ka ɗauki rimot ɗin ka duba da kyau, zaka ga na mai minti 53 ɗin aka yi.

Shi Baba ba ya "zaɓen abin kallo" irin yadda mu muke yi, mu zauna muna ta latse-latse muna neman fim har barci ya kwashe mu ba mu kalli komai ba. Tashoshinsa ba su da yawa kuma ya san jadawalinsu da ka. Labarai da safe, sai shirin tattaunawa inda zai yi ta gardama da baƙon da aka gayyato kamar yana jin sa, sai shirin kacici-kacici da yake son ya riga masu gasar faɗin amsa, sai wasan kwaikwayo mai dogon zango wanda shi da kansa yake cewa shirme ne amma ko sau ɗaya ba ya bari ya wuce shi, sai kuma maimaicin tsofaffin shirye-shirye da ya kalla tun yana da ƙarfinsa. Talabijin ɗin agogo ne a wurinsa, in an gama labaran rana ya san lokacin shan maganinsa ya yi ba sai wani ya tuna masa ba. Kuma rabin lokacin ma ba kallo yake ba, murya kawai yake so ta riƙa tashi a ɗakin saboda gidan shiru yake in kowa ya fita. Wannan ba halin Baba ba ne shi kaɗai, haka shirye-shiryen rana suke tun fil azal, an gina su ne a kan sabo. Tashar NHK ta Japan tun 1961 take sa wasan kwaikwayonta na safe, yanzu minti 15 ne kowane kashi kuma ana maimaita shi da rana. A Amurka wasan kwaikwayon Guiding Light ya fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009, akwai waɗanda suka fara jin sa suna yara suka gama kallon sa suna da jikoki. Mai irin wannan kallon abu ɗaya yake buƙata, ya danna maɓalli guda tasharsa ta fito tana magana.

To wannan talabijin in ka kunna shi ba tasha yake kai ka ba. Wani shafi ne zai fito cike da hotunan finafinai da manhajoji da talla, sai ka bi da kibiya ka gangara ka nemo inda dikoda take ka shiga. Mu ba komai ba ne a wurinmu. Shi kuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, ido ya yi rauni, yatsu sun ɗan fara rawa, wannan aiki ne. Sannan ga babban abokin gabarmu, maɓallin canza hanyar shigowar hoto, wanda suka manna shi dab da na ƙara murya. Da ya goge shi da babban yatsa sai allo ya yi baƙi, ɗan rubutu ya fito yana yawo wai babu sigina, sai waya ta shigo mini ina wurin aiki.

"Kai, zo ka duba abin nan naku, ya mutu."

"Baba me ka danna?"

"Ni ban danna komai ba, shi ya ɗauke don kansa."

"To duba saman rimot ɗin ta hannun dama, akwai wani mai zanen akwati da kibiya a ciki."

"Duk baƙaƙe ne, wanne ne akwatin?"

Kuma gaskiyarsa ne wallahi, baƙin rimot, baƙaƙen maɓallai, zane ƙanana launin toka, babu lambobi ma kwata-kwata a jiki, shi da ya saba danna lambar tasha kai tsaye. Ga shi siriri sumul, in ya faɗa tsakanin kushin sai an ɗaga kujera. Rimot ɗin da kamfanin Zenith ya fitar a 1956 maɓallansa ba su wuce huɗu ba, kuma inaga da shi aka ba Baba da ya fi jin daɗinsa. Akwai wani maɓalli na makirfo wai ka yi magana ya nemo maka abin da kake so, harsuna ƙalilan yake ji, kuma ko a cikinsu ma muryar tsoho mai magana a hankali yana tsayawa yana numfashi sai ya katse shi tun bai gama ba ya kawo masa wani abu daban. Baba ya gwada, ya ce shi ba zai zauna yana roƙon akwati ba.

Inda ya fi ba ni haushi shi ne sauti, kuma nan ne nake so mutane su fahimta don ana yawan zargin tsofaffi da ƙure murya kamar da gangan suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai tsanani har yana hana su harkokinsu. Kuma ji idan zai tafi saboda tsufa siririn sauti yake fara ɗaukewa, irin su "s" da "f" da "sh" da ke bambanta kalma da kalma, kaurin murya kuwa yana nan ana ji. Shi ya sa tsoho zai ce maka yana jin ana magana amma ba ya gane me ake cewa. To su waɗannan talabijin ɗin falan-falan babu wurin sa sifika mai kyau a jikinsu, ƙananan da aka sa ɗin ma ƙasa suke kallo, sautin sai ya daki tebur ko bango kafin ya iso kunne. In Baba ya ƙara murya kiɗan da ke bayan maganar ne ke ƙaruwa, maganar tana nan a cakuɗe, sai ya sake ƙarawa, har maƙwabta su san wane shiri ake yi shi kuwa har yanzu yana tambayar me matar ta ce. Masu karanta labarai yana jin su sarai domin suna fuskantar kyamara yana ganin laɓɓansu kuma babu kiɗa, wasan kwaikwayo ne matsalar, inda ake raɗa ana juya baya. Akwai saitin fito da muryar magana a ciki, yana ɗan taimakawa kam ba zan ƙi faɗa ba, amma sun binne shi can cikin saiti a cikin saiti, tsohon da zai tono shi da kansa sai dai in tsohon injiniya ne. Sai kuma a tafi talla murya ta yi tsalle lokaci guda ya firgita daga gyangyaɗi. Wannan tsohuwar matsala ce, a Amurka sai da majalisa ta yi doka a kanta a 2010 mai suna CALM, wadda ta hana talla ta fi shirin da ake yi ƙara. Talabijin ɗin yana da saitin daidaita murya, shi ma a kashe ya zo.

Wani abin da ba wanda zai gaya maka a shago, bayan awa huɗu ba a taɓa rimot ba yana kashe kansa. Asalin abin dokar tsimin wuta ce ta Tarayyar Turai, kuma kamfanoni da yawa haka suke fitar da kayansu da saitin a kunne. Ga mai kallon dare ba ruwansa, kafin awa huɗu ya canza abu sau nawa. Shi kuwa wanda ke barin tasha ɗaya tun safe, daidai tsakiyar shirin da ya fi so gargaɗi zai fito da ƙananan haruffa yana ƙirga daƙiƙoƙi, kafin ya lalubo tabarau ya lalubo rimot talabijin ɗin ya mutu. Ana iya kashe saitin, amma sai ka san da shi.

Allon ma yana sheƙi kamar madubi. Da dare ba ka lura, da rana kuwa in hasken taga ya faɗo kansa labule da fanka kake gani maimakon fuskar mutum, ga kuma saitin tsimin wuta da ke rage hasken allon da kansa, ga tsoho mai yanar ido wanda dama haske mai ƙyalli ke damun sa. Sai da muka juya kujera muka juya teburin.

Kada a ce ban faɗi alherinsa ba. Rubutun da ke fitowa a ƙasan allo ana iya ƙara masa girma a sa masa baƙin bango, kuma a shirye-shiryen da ke da shi Baba ya koma bin labari ba tare da tambaya ba. Yana haɗuwa da abin ji na kunne ta Bluetooth. Talabijin ɗin ba shi da nauyi, ba ya zafi ko ya wuni yana aiki. Kuma ranar da aka nemo masa wani tsohon shiri na zamaninsu a manhajar bidiyo ya yi murna sosai, har yana faɗa mana sunayen mutanen ciki da waɗanda suka rasu. Sai dai ita manhajar ba ta tsayawa, wannan na ƙarewa wani na farawa, daga tsohon shiri ta gangara da shi kan wani mai farar riga yana tallar maganin da ke warkar da ciwon gwiwa da hawan jini da suga duk a kwalba ɗaya. Shi kuma a saninsa duk abin da ya fito a talabijin an tantance shi, domin haka ya taso ya gani, ba ya bambance tasha mai editoci da bidiyon da kowa zai iya ɗorawa tunda a allo ɗaya suke fitowa. Mun kashe ci gaban kai tsayen nan tun ranar.

Kuma ni a ganina jadawalin tasha da ake rainawa yana da wani amfani a nan. Shiri yana ƙarewa, a sa wanda ba ya so, ya tashi ya miƙe ƙafa ya leƙa waje. Akwai binciken da Daisy Fancourt da Andrew Steptoe na jami'ar UCL da ke Landan suka wallafa a 2019 a kan mutane sama da 3,600 'yan shekara 50 zuwa sama a Ingila, suka ga masu kallon fiye da awa uku da rabi a rana sun fi samun raguwar iya tuna kalmomi bayan shekara shida. Alaƙa suka gani tsakanin biyun, ba hujja ce ta a ƙwace wa tsoho rimot ba, ni ma ba zan ƙwace ba, wanda ya wuni shi kaɗai ba ka raba shi da abokin hirarsa ka tafi aiki. Amma na'urar da aka tsara don kada mai kallo ya tashi ba ita nake so a gaban Baba ba. Kuma can wajen manhajojin nan kamfanonin suke tura kowa ko ana so ko ba a so, a 2022 NBC ta Amurka ta ɗauke wasan kwaikwayon Days of Our Lives daga tasha bayan shekara 57 ta mai da shi manhajarta ta Peacock, masu kallon da yawansu tsofaffi ne aka ce su je su koyi buɗe akawun da sa kalmar sirri.

Yadda muka shawo kan namu dai, mun samo saitin da ke sa ya buɗe a inda aka kashe shi, wato kan dikoda kai tsaye ba sai ya bi ta shafin tallan nan ba. Mun sayo wani rimot daban mai manyan maɓallai farare da lambobi, irin wanda ke koyon siginar talabijin da ta dikoda ya haɗa su wuri guda, babu maɓallin canza hanya a jikinsa ko kaɗan, na asalin kuma muka jefa shi a durowa sai jikoki sun zo. Sai ƙaramar sifika da muka ajiye a gefen kujerarsa daidai kunnen da ya fi ji da shi, tun daga nan lambar murya ta sauko ƙasa sosai, wannan sifikar ta fi komai aiki a cikin duk abin da muka saya.

In mutum don gida gaba ɗaya zai saya, yara da manya, ya saya abinsa yana da kyau. In kuwa don tsoho ne mai kallon tasha da rana, ka nemi mai allon da ba ya sheƙi, ka riƙe rimot ɗin a hannunka kafin ka biya ka ga ko akwai lambobi, ka tambaya ko yana iya buɗewa kai tsaye a kan tasha, sannan ka sa kuɗin sifika a lissafi tun farko. Kuma in ba manhajojin yake amfani da su ba ka cire shi daga intanet gaba ɗaya, domin namu ya taɓa sabunta kansa cikin dare, da gari ya waye wasu saitin da muka sha wahalar gyarawa sun koma yadda suka zo daga kamfani, shafin tallan ya dawo, sai da aka sake bin su ɗaya bayan ɗaya.